Lalle a Kan Fiyanon Baturiya

Ni makaɗiyar ƙwarya ce, kuma ba ƙarama ba. A zamanin da anka tare gulbi a Bakolori, in za a sa amarya a lalle daga Mafara har Bakura, har can Maradun garin uwata, in ba a ji ƙwaryata ba to sai dai a ce an taru an ci tuwo. Ku tambayi tsofaffin Morai, akwai sauran masu rai. Sana'a biyu gare ni: in kaɗa ƙwarya, in ƙunsa wa amarya lalle. Lallena kuwa in ya kama, sai ya share wata guda jawur a tafin hannu.

A lokacin na haura arba'in, in ji masu ƙidaya. Mijina ya rasu, na gama takaba, na komo gidan yayana mahauci a Talata Mafara. Gari ya cika da baƙi, manyan motoci na kai da kawo da duwatsu, Turawan Italiya da ke ginin dam sun kafa barikinsu a bayan gari. Yayana ke kai musu nama.

A barikin nan akwai taubashina, mutumin Bakura, ɗan ƙanwar ubana, yana aikin kuku a gidan wani injiniya. Tun muna ƙanana nake kiran shi bawana, shi ma haka yake kirana, kuma har ya koma ga Allah ba mu raba gardamar wa ya mallaki wani ba. Da ya tashi aurar da ɗiyarshi, ni na yi kiɗin. Ranar sa lalle sai ga matar maigidanshi ta zo, wata Baturiya doguwa, sa'ata ko ta ɗara ni kaɗan. Anka shimfiɗa mata tabarma, ta zauna ta rasa yadda za ta yi da ƙafafunta.

Ina cikin kiɗi na ji wani tafi da ban sani ba. Mata na tafi inda anka saba, ita kuwa tana saka nata a tsakani, a gurbin da babu kowa. Na zaci kuskure ne, na jira ta ɓace. Ba ta ɓace ba. Na sauya kiɗi na ƙara sauri don in kayar da ita, ta biyo ni, tana nan a gurbinta. Na ce a raina, wagga matar ta san wani abu.

Kwana uku bayan biki taubashina ya zo da saƙo.

"Madam na son ganinki, baiwata."

"Ka ce mata ban yin wanki."

"Wa zai ba ki wanki? Ke da zanenki ma sai an roƙe ki. Kiɗi take so ki koya mata. Ita ma tana da nata abin kiɗin, ta ce in kina so ta koya miki."

Wannan ya yi mini. Musaya ce, ba wanda ke ƙasan wani. Munka shirya kowace Laraba, kashegarin kasuwa, in bi motar da ke kai nama bariki, in komo kafin la'asar.

Ranar farko ta ja ni ɗakin zama, ta nuna mini wani baƙin akwati da ya kai ƙirjina tsawo. Ta ɗaga murfi, sai ga haƙora a jere, farare da baƙaƙe, fararen sun ɗan yi rawaya kamar na mai cin goro. Ta ce sunanshi fiyano. Hausarta guntu-guntu ce, abin da ya fi ƙarfinta taubashina ya leƙo daga madafa ya cike. Da haka na ji cewa na uwarta ne, uwar ta rasu, kuma ta ƙi biyo mijinta ƙasarmu sai da anka yarda a ɗauko shi. Ya sha jirgin ruwa, ya sha babbar mota daga Ikko. Fararen haƙoran nan na hauren giwa ne.

Ta zauna ta ɗora yatsu huɗu na hannun hagu, ta danna su gaba ɗaya.

Na dube ta. Na ce wa taubashina, "Gaya mata hannunta ya zame."

Ta yi dariya ta sake dannawa, daidai wurin.

Mu a wajenmu mai waƙa ta bayar, 'yan amshi su karɓa, ko su ashirin ne murya ɗaya ce. Wannan kuwa murya huɗu ce a lokaci guda, kowace da nata zancen. Uku sun yi jituwa, ta huɗun tana gefe tana ɗan tsami. Na ce a cire ta huɗun. Ta cire, ta danna ukun. Ya yi daɗi, amma lami. Ta mayar da ita. Sai na gane: tsamiya ce a kunu. Ba ita ce kunun ba, amma in babu ita ba ka ƙara ludayi na biyu.

Ta faɗi sunan abin da harshensu, bai zauna a bakina ba. Ni damƙa na sa mishi, don haka hannu ke yi, kamar za ka damƙi gero a buhu. Irin kiɗin kuma ta ce jaz ake ce mishi. Ta sa mini faifai a garmaho, ta miƙo mini kwalin. Na ga hoton wani baƙin mutum zaune gaban irin akwatin nan, da ƙeya da kunnuwa sak na mutanen Dakko ta wajen Bakura. Ta ce ai su sunka ƙirƙiro shi, baƙaƙen Amurka, ita ma koyo ta yi. Na ce, "Ashe kayanmu ne kinka riƙe mana." Ban san ko ta gane ba, amma ta gyaɗa kai.

Tafiyar kiɗin ba ta ba ni wahala ko kaɗan ba. Tafiya ce mai ɗan ɗingishi, kamar jaki da kaya ya rinjaya gefe guda, kuma kafin faifan ya ƙare ina kaɗa ta a cinyata. A nan na fi ta, ta kuma sani. In na kifa mata ƙwarya a gaba, hannunta ya yi tauri kamar mai kashe kunama. Na sha riƙe wuyan hannunta ina girgizawa, ina cewa, "Saki, uwargida, saki! Ba laifi ta yi miki ba."

Amma in munka koma kan fiyano sai ta rama. Da farko ta sa na tuɓe zobbana, waɗanda da su nake fitar da ƙaramar murya a ƙwarya. Na zuba su a faranti, hannuna ya zama kamar ba nawa ba. Sa'annan ga halin makaɗi: mu bugu muke mu ɗauke hannu. Shi wanga abu dannawa yake so, ka zauna a kai, ka bar murya ta yi tsawo.

"Ba duka ba, Mai ƙwarya," haka take kirana. "Danna. Zauna. Sannu."

Taubashina ya leƙo da ludayi a hannu. "Madam, wagga ko mijinta haka ta yi mishi har Allah ya hutar da shi."

"Koma ga albasarka, bawa," na ce.

Damƙa uku ta ce in fara riƙewa, duk da hannun hagu, ita za ta ɗora waƙa da dama a bisa. Ta farko kamar ka fito ƙofar gida ne ka tsaya. Ta biyu ka yi nisa, ranka ya fara son komawa. Ta uku ka iso ka ajiye kaya. Abin da ya burge ni, daga wannan zuwa waccan ba duka yatsu ke tashi ba: biyu su zauna inda suke, biyu su matsa kusa. Kunnena ya riƙe su tun Laraba ta biyu. In ta danna ina madafa ina shan ruwa, sai in ce mata ta nawa ce.

Ido ne ya ci amanata. Duka ukun a kan fararen haƙora suke, fararen nan kuwa kamarsu ɗaya kamar ƙwan zabi. Ita baƙaƙen take dubawa ta gane inda take, ni kuwa in na duba sai su yi ta rawa. In ɗora hannu da ƙarfin zuciya, in danna, sai wata ƙara ta fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wata biyu muna haka. Ta yanka 'yan takardu ta rubuta baƙaƙen boko ta liƙa a kan haƙoran. Na ce ta ɗebe. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla, kuma ban ga dalilin da zan tsufa ina kallon tururuwa a takarda kafin in yi kiɗi ba. Ta ɗebe. Amma na ga ta fara gajiya, ni ma kunya ta fara cina. Mace kamata, a ce damƙa uku sun gagare ni!

Ana nan sai tafiya ta kama su Kaduna, ita da mijinta, kwana biyar. Ta ce wa taubashina duk ranar da na zo ya buɗe mini. Ni kuma da bakina na ce mata, "Kafin ki komo ukun nan suna hannuna."

Kashegari na zauna gaban akwatin ni kaɗai, ina lalube, ina samu ina ɓatarwa. Sai idona ya faɗa kan farcena, ga jan lallen bikin makon jiya, ga farin haƙorin fiyano kusa da shi, santsinsu ɗaya. Na ce, to ai ga rubutun da na iya.

Na koma gida na daka lalle sabo, na tankaɗe, na kwaɓa da lemun tsami yadda nake wa amaryar da nake ji da ita. Da safe na komo da shi a ɗan kasko. Na bi da kunne na nemo kowace damƙa, na tabbatar. Na ɗauki tsinke: ta farko ɗigo ɗaya, ta biyu ɗigo biyu, ta uku ɗan zobe. Haƙorin da damƙa biyu sunka haɗu a kanshi na yi mishi ado biyu. Na rufe da ganye, na sauke murfi a hankali, na bar shi ya kwana. Abin da ke raina, lalle baƙo ne. Ya yi makonninshi ya tafi, kafin nan hannuna ya haddace, ita kuma in ta ga 'yan ɗigo ai ado ne, a tafin hannunta ma ta so shi.

Da na kankare kashegari, ya kama. Kai, ya kama! Ban taɓa ganin lalle ya fito haka ba, ja mai duhu a kan farin nan. Na ɗora hannu: ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, zobe. Fita, nisa, gida. Na yi ta yi har bayan azahar.

Taubashina ya shigo da tsumman goge kaya, ya tsaya a bayana. Na waiga.

"Inna lillahi. Mi kinka yi?"

"Karatu nake. Lalle ne, zai fita."

"Zai fita ta ina?"

"Yadda yake fita a hannu. Yadda yake fita a farce."

Ya ajiye tsumman. Ranar bai kira ni baiwa ba. Ya ce, "'Yar'uwa, na farce fita yake, ko farcen ne ke tsiro a yanke? Giwar nan ta mutu tun kafin a haife mu. Haurenta zai ƙara tsiro?"

Shekara talatin ina ƙunshi, ban taɓa tsayawa na yi wanga tunani ba.

Munka gwada sabulu. Munka gwada toka. Ya kawo wani farin gari da suke wanke tukunya da shi, na hana, don na ga zai ci santsin. Jan ya ɗan dushe, ya zauna daram. Taubashina ya ce mu ce raɓa ce ta shiga, ko wani ƙwaro.

"Wane ƙwaro ne ke yin zobe?" na ce. "Kuma ko yana yi, ni ban yin ƙarya a kan aikina. Ba ruwanka a ciki, kana kasuwa na yi."

Sauran kwana biyun na zo na zauna na yi ta dannawa, don na san mai yiwuwa iyakar zamana a kujerar ke nan. Wannan ne abin da ke cina. Ba tsoron faɗa nake ba, na sha faɗa da waɗanda sunka fi ta baki. Murfin nan ne ban so a rufe mini, yanzu da na fara jin abin yana amsa mini.

Ranar da sunka komo ina zaune a ɗakin, murfi a buɗe, don kar ta gano da kanta. Munka gaisa, na tambaye ta hanya, na tambaye ta gajiya. Sa'annan na matsa gefe na ce, "Ni na yi. Lalle ne. Na zaci zai fita, ba zai fita ba."

Ta sunkuya ta duba. Ta shafa da yatsa, ta lashi yatsan ta sake shafawa. Fuskarta ta yi ja har kunne. Na jira ta yi ihu, da ta yi da na fi jin daɗi. Sai ta sauke murfin a hankali, ta bar hannunta a kai, ta ce, "Na mama ne." Ta shige ɗaki.

Laraba ta zo, ba saƙo. Wata Larabar ta zo, ba saƙo. Motar nama ta wuce ƙofar gidanmu ina jin ta. Na tafi Morai kiɗin biki, mata na rawa ana ta guɗa, sai na tarar da hannuna na hagu ya buɗe yatsu huɗu a bayan ƙwarya yana dannawa. Wata 'yar amshina ta ce, "Inna, ciwo hannun yake?" Na ce ta kula da amshinta.

Yayana ya ce a kai goro da dattijo a ba da haƙuri, kamar yadda ake yi. Na ce mi Baturiya za ta yi da goro? Ya ce to cinyar rago. Na ce ba nama na ɓata mata ba.

Ina da wata babbar ƙwarya da ba na fita biki da ita. Ta uwata ce, da ita ta yi kiɗi a Maradun tun ina goye, daga duman fadamarmu anka fafe ta, fadamar da yanzu ruwan dam ke kwance a kai. Ta yi baƙi don shafar hannu, ba zane ko ɗaya a jikinta, don uwata ta ce zane na rage murya. Laraba ta uku na sauko da ita daga rataya, na naɗe a zane, na ɗauki ƙaramar wuƙar yayana, na tare motar nama.

Taubashina ya gan ni da wuƙa ya ce, "Yau kuma giwar za ki yanka?"

"Kira mini ita, ka tsaya ka fassara, kar ka ƙara naka."

Ta fito. Na gaishe ta ta amsa, ba sakin fuska. Na kwance zanen, na kifa ƙwaryar a ƙasa gabanta, na ɗora wuƙar a kai.

"Wagga ta uwata ce. Ita ma ta rasu. Ban da abin da ya fi ta. Na yi wa ta uwarki tabo, ki yi wa ta tawa. Inda kinka so, yadda kinka so. In kin gama, ko ki buɗe mini akwatin ko kar ki buɗe, mun yi daidai."

Ya fassara. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Ta durƙusa, ta ɗauke wuƙar ta miƙa wa taubashina. Ta ƙwanƙwasa ƙwaryar da yatsa, ta saurara. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ce a raina shi ke nan. Sai ga ta da wata 'yar kwalba ta jan farce. Ta zauna a ƙasa dirshan, da ƙafafun nan nata da ba su iya zama ba, ta ciro ɗan burushin, ta yi ɗigo ɗaya a gefen ƙwaryar. Ta matsa ta yi biyu. Ta matsa ta yi zobe, ya karkace.

Na dubi jan nan a kan ƙwaryar uwata, wallahi ya yi mini ciwo. Ban san haka ta ji ba sai a lokacin. Na cije, na ce, "Zobenki bai yi kyau ba."

"Naki ya yi kyau," ta ce. Tana dariya, idonta na ruwa.

Ta tashi ta ɗaga murfin, ta nuna mini kujera. Na tuɓe zobba na zuba a faranti. Na zauna, na ɗora hannu. Sai ta ciro ɗankwalin wuyanta ta shimfiɗa a kan hannuna da haƙoran duka, ya rufe ɗigon.

"Yanzu," ta ce.

Na danna. Fita. Yatsu biyu sunka zauna, biyu sunka matsa. Nisa. Sa'annan gida. Ban kuskure ko ɗaya ba. Kwana biyun nan da na yi ina dannawa da tsoro sun shigar da su cikin hannu, lallen ya gama aikinshi tun kafin ta komo. Na sake zagayowa, na sa musu ɗingishin nan, ta zauna a gefen dama ta ɗora waƙa a bisa. Taubashina na ƙofar madafa da wuƙa a hannu yana cewa, "Madam, kar ki yabe ta, kanta ba zai shiga mota ba."

Shekara biyu munka ƙara muna Laraba. Na kai damƙa goma sha ɗaya, har da masu hawa kan baƙaƙen haƙora, kuma ba a ƙara ɗiga komai a ko'ina ba. Hannun dama ban taɓa koya ba, ban kuma nema ba, nata ne. Ita ma ta iya kiɗi biyu a ƙwarya, na uku ya gagare ta har ta tafi. Da aikin mijinta ya ƙare anka naɗe akwatin a barguna anka ɗora a babbar mota. Na tambaye ta ko a ƙasarsu akwai masu sauya haƙoran. Ta ce akwai. Na ce to za ta sauya? Ta ce sai in na kankare nata ɗigon a ƙwaryar uwata.

Tun ranar ban sake ganin fiyano ido da ido ba, sai a talabijin. Ba ya damuna. In ina tsintar shinkafa a faifai, hannun hagu yakan buɗe da kanshi ya yi ukun nan, in ji su a kaina sarai, har da mai tsamin. Ƙwaryar uwata tana nan rataye a ɗakina. Jan farcen ya ɓamɓare a ɗigo ɗaya, sauran suna nan, da karkataccen zoben.